Abincin biki: a girka a gida ko a ba mai oda?

Duk gidan da aka sa ranar biki, ko aka haihu ana jiran suna, sai an zauna a kan maganar abinci. Wasu su ce a tara 'yan'uwa da maƙwabta a kafa tukwane a tsakar gida kamar yadda aka gada, wasu su ce a kira mai girkin oda a biya ta kowa ya huta. Ana lissafa kuɗin shinkafa da mai da kaji, ana tuna gajiya, ana tuna abin da dangin ango za su je su faɗa. Abin da ba a cika sawa a lissafi ba shi ne hannu nawa zai taɓa abincin kafin ya kai baki, kuma a ina masu hannayen za su sami ruwa da sabulu. Ni a ganina da nan ya kamata a fara, domin bikin da aka watse baƙi suna zarya banɗaki, ko aka kwana a asibiti ana yi wa yara ƙarin ruwa, ba wanda zai tuna daɗin miyarsa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya kuwa ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna sahun gaba. Ruwa ne babbar hanyar kwalara, amma hannu da abinci ma suna kai ta, kuma taron da ake ciyar da ɗaruruwan mutane daga tukunya ɗaya wuri ne da take samun shiga cikin sauƙi.

Gidan da kika sani, da gidan ranar biki

Girkin gida na yau da kullum yana da wata kariya da ba mu cika lura da ita ba. Uwargida ɗaya ce a madafi, ko ita da 'yarta. Ta san randar da ta ɗebi ruwa, ta san naman da ta sayo, ita da 'ya'yanta ne za su ci. Uwa uba, abincin ba ya daɗewa: a sauke tuwo, a kwashe, a zuba miya tana tururi, kafin awa ɗaya an suɗe kwano. Wuta tana yafe kurakurai da yawa. Ko da ta taɓa ɗanyen nama ta koma kan tattasai ba ta wanke hannu ba, duka biyun tukunya za su shiga su tafasa. Shi ya sa za ki ji dattijuwa ta ce ta yi shekaru tana girki ba ta taɓa kwantar da kowa ba, kuma galibi gaskiya ta faɗa.

Sai dai ko a ranakun da ba biki, madafin gida yana da nasa raunin, wato yawan katsewa. Mai girki a otal girki kawai ke gabanta. Uwargida kuwa tana tsakiyar yanka albasa yaro zai yi kashi ta je ta wanke masa, ta zubar da fo, ta kori akuya daga bakin tukunya, ta ɗauki tsintsiya, ta amsa waya, ta dawo. Da yawa muna ɗauka kashin jariri ba ƙazanta ba ne sosai, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba ko fiye. Sabulu kuma yana can banɗaki ko wurin wanki, ba a bakin murhu ba, don haka abin da aka fi yi shi ne a tsiyaya ruwa a buta a ɗauraye yatsu a goge a zani. Ruwa zalla yana rage datti, amma ba ya cire maiƙon da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki. Mu da muke tsarki da ruwa da hannu, mun fi kowa buƙatar sabulu bayan fitowa daga bayan gida. Alwala ma ibada ce kuma tsafta ce, amma ba ta maye gurbin sabulu ga wadda ta gama fiɗar kaza.

To ranar biki wannan gidan ya tashi daga gida, ya zama gidan abinci na kwana ɗaya wanda ba shi da shugaba. Mata goma sha ne a tsakar gida, kowacce ta zo da goyonta, banɗaki ɗaya ne ga masu aiki da baƙi, ruwan 'yan garuwa ne a jarkoki ana tattalinsa. Ana fige kaji a gefe, taku uku daga nan ana yanka kabeji, wuƙa ɗaya tana yawo tsakani. Tsumma ɗaya ne na sauke tukunya da goge faranti da goge hannu. Mun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wannan a wajen ci ne. A wajen girki kowane hannu da ya ƙaru ƙofa ce ta ƙaru. Kuma ba wadda za ta iya cewa gwaggon amarya ta tashi ta wanke hannu, balle ta tambaye ta ko cikinta lafiya.

Abin da mai sana'a ta fi mu da shi, idan ta gaske ce

Bambancin da ke tsakanin madafin gida da na kasuwa ba a yawan son tsafta yake ba, a tsari yake. Inda ake bin ƙa'ida, gidan abinci yana da wurin wanke hannu na musamman a cikin kicin, wanda ba a wanke kwano ko nama a ciki, kullum da sabulu a kai. Akwai katakon yanka nama daban, na ganye daban. Ma'aikaci ya yanke farce, ya cire zobe da agogo, ya rufe kai, in ya ji ciwo a yatsa ya rufe da filasta. A Amurka ƙa'idar da hukumar abinci ta ƙasar ta shimfiɗa ta hana taɓa abincin da ya gama dahuwa da tsirarin hannu, sai da cokali ko abin kamawa ko safar hannu. A Ingila wanda ya yi amai ko gudawa ba ya komawa kicin sai ya cika awa 48 da warkewa, kuma jami'an ƙananan hukumomi suna zagayawa suna ba gidajen abinci maki daga 0 zuwa 5. A nan gida wannan aikin duba-gari ne, kuma ana buƙatar masu sayar da abinci su yi gwajin lafiya su riƙe takardarsa. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali kan abin da aka sarrafa aka rufe a kwalba ko leda; ba ita za ta leƙa tukunyar mai odar unguwarku ba.

Waɗannan dokoki ba don masu gidan abinci sun fi matan gida ƙazanta aka yi su ba. An yi su ne don kuskuren mai dafa wa mutum takwas yana tsayawa a kan mutum takwas, na mai dafa wa ɗari uku kuwa yana iya cika ɗakin asibiti. Wannan shi ne lissafin da ya kamata uwar biki ta yi wa kanta, tunda ranar ita ma mai dafa wa ɗari uku ce.

Amma kalmar "mai oda" ta haɗa mutane iri-iri. Akwai mai kicin na gaske, da firji da janareta da ma'aikatan da suka daɗe tare da ita. Akwai kuma wadda duk sana'arta a waya take, hotunan abinci masu kyau a WhatsApp da Instagram, amma girkin a tsakar gida irin taki take yi, da yaran unguwa da ta ɗauka ranar kawai. Wannan ba ta da kariyar gida, tunda ba ita za ta ci ba kuma abincin zai yi tafiya, ba ta kuma da kariyar kasuwa, tunda duba-gari bai san da zamanta ba. Ba ina nufin duk mai girki daga gida ƙazama ce ba. Cikinsu akwai waɗanda suka fi otal tsafta. Abin nufi, biyan kuɗi kaɗai bai saya miki tsari ba.

Akwai kuma wani rauni da sana'a ke da shi wanda gida ba shi da shi. Yarinyar da ake biya kullum-kullum, in ta tashi da gudawa ba za ta faɗa ba, domin faɗin yana nufin ta rasa kuɗin ranar. Haka yaron da ke zuba abinci yana karɓar kuɗi yana ba da canji da hannu ɗaya. Mai sana'ar da ta san abin da take yi tana raba mai kuɗi da mai ludayi, kuma tana biyan mara lafiya ladan ranarsa ya zauna a gida.

Kada kuma a dogara da ganin ido a kan lafiyar mai girki. Labarin Mary Mallon ya isa misali. 'Yar ƙasar Ayalan ce da ke aikin kuku a gidajen masu hali a Niyok. A 1906 mutum shida cikin goma sha ɗaya na wani gida da take wa girki suka kamu da taifot, mai binciken da aka ɗauko, George Soper, ya bi sawu ya tarar cutar ta ɓulla a gidaje bakwai cikin takwas da ta yi wa aiki. Ita kuwa garau take, ba ta jin komai. An tsare ta a 1907, aka sake ta a 1910 bisa alkawarin barin girki, sai ga shi a 1915 an same ta tana dafa abinci a wani asibitin haihuwa inda mutum 25 suka kamu, biyu suka rasu. A tsare ta ƙare rayuwarta a 1938. Ƙwayar taifot tana iya zama a maɗaciyar wanda ya warke, tana fita a bayan gidansa shekara da shekaru. A ƙasar da taifot ya zama ruwan dare irin tamu, cikin mata goma sha da ke tsakar gida, ko ma'aikatan mai oda, ba ki da hanyar sanin wace ce. Sabulu bayan banɗaki shi ne abin da ke tsakaninta da baƙinki.

Kafin wuta da bayan wuta

Hanyar da na ga ta fi sauƙin auna haɗari ita ce a raba abincin biki gida biyu: wanda hannu ya taɓa sannan ya shiga wuta, da wanda ya fito daga wuta, ko bai shiga ba sam, sannan hannu ya taɓa. Na farko ba shi da yawan damuwa. Miyar da ta tafasa, farfesun da ke ɓararraka, wainar da aka ɗauko daga tanda, alalar da ta turaru a cikin ganye ko gwangwani, duk zafin da ya kai digiri 70 har cikin abinci yana kashe kusan dukan ƙwayoyin da ke kawo ciwo. A irin wannan, gida da mai oda kusan kunnen doki suke.

Matsalar tana kashi na biyu, kuma nan ne muka fi sakaci. Kwaɗon zogale ko na rama da ake cuɗawa da hannu. Latas da tumatir da haɗin kabeji mai bama. Kankana da abarba da aka fere tun safe. Furar da ake damawa. Zoɓo da kunun aya da lemon citta, waɗanda ake tacewa ana matsewa da hannu, a ƙara ɗanyen ruwa, a jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. Malmalar tuwo, inda ake tsoma mara da yatsu a kwanon ruwa ɗaya tun daga malmala ta farko har ta ƙarshe. Sai kuma wanda ba wanda ke tunawa da shi: rabon nama. An soya kaji sun yi kyau, wuta ta gama aikinta, sai a zauna a kewaye baho ana ƙirgawa da hannu ana sawa a robobi, ana hira, ana share gumi, ana gyara ɗankwali.

Akwai wata ƙwaya da ke zaune a hanci da fatar kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ba tare da ta cutar da shi ba, ta fi yawa a ƙurji da miki. In ta sauka a kan dafaffen nama ko madara ta sami ɗumi, sai ta saki dafin da ɗumame ba ya lalatawa, mai ci ya fara amai cikin rabin awa zuwa awa takwas. Wadda ta yanke a yatsa wajen gyaran kayan miya, ko mai ɗan karkare, ba ta da hurumi a wajen rabon nama.

A wannan kashin, mai oda ta gaske ta fi gida nesa ba kusa ba, domin mutum biyu ko uku ne ke yin aikin, da cokali da abin kamawa, a kan tebur. Mai odar da ba ta da tsari kuwa ta fi gida haɗari, domin za ta haɗa salak ɗin da wuri ya yi doguwar jira.

Jira

Abu na biyu bayan hannu shi ne lokaci, kuma nan gida ke da damar yin nasara. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma in sun sami yadda suke so sukan ninka duk minti 20. Ƙwaya ɗaya a kan yankan kaza da ƙarfe takwas na safe tana iya haura miliyan biyu kafin ƙarfe uku na yamma. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. A bazarar Kano ko Maraɗi, da zafi ke wuce digiri 40, awa biyun ma da yawa.

Shinkafa tana da nata sirrin. Akwai ƙwayar da ke zuwa da ita tun daga gona, mai ɓawon da tafasa ba ta fasawa. In shinkafar ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta saki dafin da shi ma ɗumame ba ya kashewa. Babbar tukunyar miyar nama ita ma haka: bakinta zai huce, cikinta ya kwana da ɗumi, wata ƙwayar ta daban ta cika ta, washegari jama'a su tashi da murɗar ciki. Kular abinci da muke dogara da ita tana riƙe zafi na 'yan awanni ne kawai. Daga nan ta koma riƙe ɗumin da ƙwayoyin ke so.

Mai odar da ta karɓi biki uku rana ɗaya dole ta fara naki tun tsakar dare. Ta zuba a kuloli da asuba, a ɗora a adaidaita sahu, a shiga cunkoso, a iso ɗakin taro, sannan a jira amarya ta gama kwalliya. Katin ya ce ƙarfe huɗu, ba a buɗe kula ba sai bayan isha'i. A gida kuwa tukunya tana kan murhu, ana iya jinkirta dafa shinkafa har a ga baƙi sun fara cika, a yi ta kashi-kashi. Amma gida ma yana zubar da wannan dama in aka soya nama da kaji tun jiya aka rufe a baho a ɗaki, ana dogara da firjin da wutar Nepa ba ta kai masa ba tun la'asar.

Buta, kwano, bokiti, safar hannu

Kayan wanke hannun ma sun cancanci a auna su, tunda duk zaɓin da aka yi za a buƙace su. Mafi muni shi ne kwanon ruwa ɗaya da ake zagayawa da shi kowa ya tsoma. Na farko ne kaɗai ya wanke hannu, na goma dattin mutum tara ya shafa. Al'adarmu ta asali ta fi wannan: a tsiyaya daga buta ruwan ya zube ƙasa ko cikin tasa. Hadisin da ya ce wanda ya farka daga barci kada ya tsoma hannunsa a mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku, wannan ma'anar yake koyarwa. Aibin buta biyu ne: sai da mai zuba maka in za ka cuɗa hannu biyu da kyau, kuma butar banɗaki bai kamata ta zama ta madafi ba.

Bokiti mai famfo a gindi, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, kuma muka saba gani a ƙofar bankuna da makarantu lokacin korona a 2020, shi ne ya fi dacewa da biki. A ɗora shi a kan kujera, baho a ƙasa, sabulu a gefe. Ɗaya a bakin madafi, ɗaya a bakin banɗaki, ɗaya inda baƙi za su ci. Wankin kansa ba wuya: a jiƙa, a sa sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da bayan hannu da babban yatsa da ƙarƙashin farce, a ɗauraye, a yarfe a bari ya bushe. Gara iska ta busar da shi da a goge da tawul ɗin da kowa ya goga. Kowane sabulu ya yi, na sanda ko na salo ko ruwan omo. In ruwan rijiya ne ko na garuwa, a tuna alam yana kwantar da laka ne kawai. Wanda za a sha ko a wanke ganye da shi sai an tafasa ko an sa maganin tsaftace ruwa.

Safar hannu ta roba ita ce ta fi ruɗin mutane. Ganin ma'aikata sanye da ita yana kwantar da hankalin uwar biki, amma safar da aka taɓa ɗanyen nama da waya da kuɗi da ita hannu ne mai datti, ƙari kuma mai ita ba ya jin danƙon da zai tuna masa ya wanke. Tana da amfani ne kawai in an wanke hannu kafin a sa, aka kuma canza ta duk lokacin da aka canza aiki. Man tsaftace hannu na sanitaiza yana aiki in sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, amma ba ya ratsa maiƙo da gari, kuma wasu ƙwayoyin amai da gudawa ba sa jin sa. A bar shi ga baƙi a bakin ƙofa, ba ga masu girki ba.

To wanne za a ɗauka?

In taron ƙarami ne, walimar dangi ko sunan da bai wuce mutanen da tukunya biyu za ta ciyar ba, kuma a gidan za a ci, ni gida zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Abinci zai fito daga wuta ya shiga baki, hannayen kuma kin san su. In taron ya kai ɗaruruwa, ko a ɗakin taro za a yi nesa da gida, mai oda ta fi, amma da sharaɗin kin je da ƙafarki kin ga inda take girki, ranar da take aikin wani, ba ranar da ta shirya miki ba. Gani ya kori ji. Ki duba ko akwai sabulu kusa da murhu kuma a jiƙe yake. Ki nemi izini ki shiga banɗakin ma'aikata. Ki tambaye ta cikin mutunci: "Hajiya, ƙarfe nawa za ki ɗora tawa shinkafar? Biki nawa gare ki ranar? In yarinyarki ta tashi da ciwon ciki yaya kike yi? Da wane ruwa kike haɗa zoɓo?" Wadda ta san aikinta za ta amsa har ta ƙara miki da abin da ba ki tambaya ba. Wadda ta ɓata rai, ki yi mata godiya ki nemi wata.

Zaɓin da na fi so ga babban taro shi ne a haɗa biyun: a ɗauki ƙwararriya da 'yan aikinta kaɗan su zo su girka a inda za a ci. An sami tsarin sana'a, an kuma kauce wa doguwar jira a kula. 'Yan'uwa su taimaka a abin da zai shiga wuta, gyaran kayan miya da tsince shinkafa da fige kaji a can gefe guda, amma rabo da zubawa a bar wa mutum biyu ko uku da ludayi. In damina ce, ko ana jin labarin amai da gudawa a gari, a cire ɗanyen ganye da ƙanƙarar kasuwa daga jeri gaba ɗaya, a ba da abin sha a rufe. Ba wanda ya taɓa raina biki don babu latas.

In kuwa an tsaya a kan girkin gida duk da yawan jama'a, saboda kuɗi ko saboda dangi ba za su yarda a hana su aikin ɗiyarsu ba, to a naɗa mace ɗaya da ake jin nauyinta, yayar uwa ko uwargidan gidan, ta zama ba ta da aiki sai lura: ruwa bai ƙare a bokiti ba, sabulu bai ɓata ba, wuƙar nama ba ta je kan kabeji ba, mai goyo ta wanke hannu bayan ta canza wa yaro. Magana daga bakinta ba za ta zama raini ba. Wadda ba ta jin daɗin cikinta kuma akwai yadda ake faɗa mata ba a kunyata ta ba: "Gwaggo, yau ke uwa ce, ki zauna a ɗaki ki karɓi baƙi, yara za su yi." Maigida shi ma yana da nasa: kuɗin ruwa ya wadata, ya sayo bokitan da sabulun tun kafin ranar, kada a zo ana tattalin jarka.

Ragowar abinci ita ce ta ƙarshe da za a yanke wa shawara tun kafin biki. Mun saba abin da ya kwana a kula a kai wa maƙwabta ko a miƙa wa almajirai da safe, da niyyar sadaka. Amma shinkafar da ta wuni ta kwana a ɗumi ita ce mafi haɗarin duk abin da aka dafa, kuma yaron da zai ci ta ba shi da mai kai shi asibiti cikin dare. A raba rarar a daren tun tana da zafi. Wadda za a ajiye a juye ta a ƙananan kwanoni marasa zurfi don ta huce da wuri ta shiga firji, gobe a ɗumama ta har ta yi tururi ciki da waje, sau ɗaya kawai. Salak da kwaɗo da zoɓon da aka riga aka sa wa ƙanƙara ba sa kwana.